Sushi mai yaji a ɗan shagon unguwa: yajin ne ya burge ka ko kifin?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare naga tambayarka amma lokacin na dawo daga aiki ko takalmi ban iya cirewa ba, shiyasa sai yanzu. Kace akwai wani ɗan gidan abinci a unguwarku a Biruklin, kujerunsa basu fi goma ba, bango duk tsoffin agoguna ne kuma babu guda ɗaya mai aiki, menu da alli aka rubuta shi, mai shagon baya magana sai gyaɗa kai, kaci spicy tuna a wajen kayi santi har ka ƙara oda, amma abokin karatunka ɗan Japan ya kwashe da dariya yace wannan ba abincinsu bane. Kana son sanin ko gaskiya ya faɗa, da dalilin da yasa wani yajin ya tsaya a harshe wani ya hau maka hanci, da kuma ko zaka iya kai madam tunda tana da juna biyu, sannan maganar halal. Toh ni shekara bakwai nayi a bayan kantar sushi a Niyok, na fara daga wankin shinkafa har aka yarda na riƙe wuƙa, spicy tuna kuwa Allah kaɗai yasan bokiti nawa na kwaɓa da hannuna.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Spicy tuna a Amurka aka haife shi, wajen shekarun 1980, a ɓangaren yamma inda 'yan Japan suka fara buɗe shagunan sushi suna neman yadda Bature zai ci ɗanyen kifi ba tare da ya yamutsa fuska ba. Sushin da shi ya sani, wanda ake dunƙula shinkafa a ɗora yankan kifi a kai wato nigiri, a Edo ya fito, Tokyo ta yanzu, wajen shekarun 1820, kuma sunan Hanaya Yohei aka fi ambata a kai. A can gaba ɗaya wasan shine kaji ɗanɗanon kifin kansa da tsamin shinkafar, babu mai zuba mayonis da barkono a kan tuna mai kyau, kamar ka samu zuma farar saƙa ka barbaɗa mata magi ne. Ba wai basu san barkono bane fa, tun ƙarni na 16 ya shiga ƙasar, suna da shichimi wanda garin yaji ne mai haɗi bakwai, suna da yuzu kosho na yankin Kyushu da ake kirɓa ɗanyen barkono da ɓawon wani lemo da gishiri, ga mentaiko na Fukuoka ƙwan kifi ne da aka jiƙa a yaji, kawai dai ba a cikin sushi suke zuba shi haka ba. Amma kada dariyarsa ta dame ka, shi kansa salmon ɗin da yake ci a sushi yana taƙama ai mutanen Nowe ne suka tallata musu shi daga tsakiyar shekarun 1980, kakanninsa basa cinsa ɗanye. Abinci yawo yake yi.

Yanzu ga yadda ake yin abin da kaci, don anan amsar sauran tambayoyin take. Idan aka kawo ƙaton yankin tuna, oga zai fitar da tsoka mai kyau ya yanka ta dogo dogo ya jera a gilashi, wannan ita ce ta nigiri da sashimi, wato yankan ɗanyen kifi ba shinkafa. Sai a bar ƙashin baya da nama manne a tsakanin ƙayoyin, da gefen wutsiya mai farar jijiya da ba zata taunu ba, da guntattakin da suka faɗo wajen gyaran yanka. Nan ake miƙo wa yaron shago cokali, nine yaron shagon shekara biyu, ka kifa cokalin ka dinga kankarewa a hankali naman yana taruwa jajur kamar niƙaƙƙe, jijiyar tana zama a baya fara fat. Wanda aka kankaro daga jikin ƙashi 'yan Japan suna ce masa nakaochi kuma wallahi idan sabo ne yafi wani yankan daɗi, naman jikin ƙashi ne ai, kowa yasan shi. Sai a zuba a kwano, a matsa mayonis, galibi Kewpie na Japan da ake yi tun 1925 wanda gwaiduwar ƙwai zalla ake sa masa shiyasa yafi kauri da rawaya, a matsa sriracha wato wani jan sos na barkono da tafarnuwa, ɗigon man riɗi, lawashi yankakke, wasu su ƙara ɓurɓushin soyayyen ƙullin tempura don yayi ƙurus ƙurus kuma kwano ya cika da araha. A shimfiɗa ciyawar teku a 'yar tabarmar gora, shinkafa, a zuba haɗin, a naɗe, a yanka shida ko takwas. Shikenan spicy tuna.

Kaga kenan asalinsa dabarar hana asara ce, kuma ni bana ganin laifin wannan, kifi mai tsada ne a zubar da rabinsa ai almubazzaranci ne. Inda gizo ke saƙar shine kwanon baya tambaya. Sabon nakaochi zai karɓa, tunar shekaranjiya da ta fara duhu ma zai karɓa, mayonis ya gyara kala, barkono da tafarnuwa su danne ƙarni, kuma duka biyun da kalar ruwan lemo zasu fito a faranti iri ɗaya. Kai ka tashi a gida ka sani, mai tsiren da ya yarda da namansa ba ya jin haushi idan kace a baka ba yaji, wanda naman ya kwana kuwa tun kafin kayi magana ya tula maka ƙuli da yaji. Na taɓa aiki wata huɗu a wani shago, ba zan faɗi suna ba, inda duk daren Lahadi mai shagon zai kwashe ragowar gilashi gaba ɗaya yace a niƙa, Litinin da rana a saka spicy tuna a rangwame mutane suna layi suna godiya. Ranar da na ɗanɗana haɗin kafin a zuba sriracha naji harshena yana tsatstsafa kamar an riga an sa barkono, nace masa kifin nan ya tafi, yace in ƙara mayonis. A satin na ajiye aikin.

Wannan tsatstsafar ka riƙe ta da kyau don ita ce abin da yafi bani tsoro a harkar. Tuna da danginta irin su makarel idan suka zauna ba a cikin sanyi sosai ba, ƙwayoyin cuta suna juya wani sinadari na jikin naman ya koma histamin, kuma da zarar ya taru babu abin da ke cire shi, dahuwa bata kashe shi firiza bata kashe shi. Wani lokacin kifin ko wari baya yi, alamar kawai shine ɗan raɗaɗi ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, toh kai da ka yi odar abu mai yaji ta yaya zaka bambance? Cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu sai fuska da wuya suyi zafi suyi ja, ciwon kai, zuciya tana bugawa da sauri, ƙaiƙayi, wani har gudawa, mutane da yawa sai suce ai kifi ne baya karɓarsu alhali kifin ne ya lalace. Yawanci yana wucewa cikin yini kuma maganin alaji yana taimakawa, amma idan numfashi ya fara wuya ko leɓe ya kumbura asibiti kai tsaye ba jira.

Sannan ba kowane shago ke kankarar tunarsa ba. Da yawa a leda suke saye, niƙaƙƙe daskararre daga masana'anta a wata ƙasa. A 2012 irin wannan kankararriyar tuna da aka shigo da ita Amurka daga Indiya ta jawo ɓarkewar ƙwayar cutar salmonela, mutum 425 a jihohi 28 da birnin Washinton, kuma da yawansu spicy tuna suka ci. Dalili a fili yake, dunƙulen tsoka ƙwayar cuta a bayanta take, amma da ka niƙa ka haɗa na kifi da yawa wuri ɗaya ka raba ta ko'ina. Kuma kaga a daskare take amma bai hana ba, don sanyi tsutsa yake kashewa ba bakteriya ba. Ita tsutsar anisakis ake ce mata, fara siririya kamar zare, na sha zaro ta da hantsaki daga kifin da ba na kiwo ba tana motsi. Ƙa'idar hukumar abinci ta Amurka kifin da za a ci ɗanye a ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius na kwana 7, ko digiri 35 ƙasa da sifili na awa 15, kuma birnin Niyok ya mayar da daskarewar dole a 2015, aka keɓe wasu nau'in tuna da kifin kiwo da makamantansu. Don haka idan mai shago yace maka kifinsa ya shiga firiza ba abin kunya bane, wanda zai rantse maka salmon ɗinsa daga teku kai tsaye zuwa faranti shi zaka yiwa kallo biyu. Jan kala ma kada ya ruɗe ka, akwai tunar da ake busa wa iskar kabon monoksaid ta zauna ja kamar kankana ko ta tsufa, Japan da Tarayyar Turai sun hana, Amurka bata hana ba. Tuna ta gaskiya ja ce mai ɗan duhu kuma tana canzawa idan ta sha iska.

Maganar yaji biyu kuwa gaskiyarka, abu biyu ne daban. Na cikin naɗin barkono ne, sinadarinsa kafsaisin, yana manne wa harshe ya zauna ya dinga zugi kuma baya narkewa a ruwa shiyasa kurɓar ruwa bata komai, madara ko wani abu mai maiƙo ne ke kwantar dashi, mayonis ɗin ma aikin da yake yi kenan tun a cikin haɗin. Ita sriracha mai zakara a jiki da koren murfi wani ɗan gudun hijira daga Biyetnam David Tran ya fara yinta a Los Anjalas a 1980, sunan kuma na wani gari ne a bakin teku a Tailan. A ma'aunin zafin barkono na Scoville bata wuce wajen 2,200 ba, attaruhun da Hajiya ke jajjagawa a miya kuwa daga 100,000 yake farawa har 350,000, shiyasa nake dariya idan naga barkono uku an zana a gefen menu wai gargaɗi, ga bakin Bahaushe wannan ai alawa ce. Wanda ya hau maka hanci har ƙwalla ta fito shine koren nan na gefe, wasabi, shi sinadarinsa tashi yake kamar tururi ya bi ta bayan maƙogwaro ya doki hanci, daƙiƙa kaɗan ya ɓace. Dabarar shine ka ja numfashi ta hanci ka fitar ta baki, kada ka rufe baki ka fitar ta hanci, nan ne zaka ga taurari. Kuma kusan tabbas ba wasabi na gaskiya aka baka ba, wata saiwa ce da Turawa ke kira horseradish da mustad da koren kala, gari ne muke kwaɓawa da ruwa kowace safiya. Na gaskiyan a ruwan ƙorama mai sanyi yake girma a wurare irin Shizuoka da Nagano, yana cin sama da shekara kafin ya isa cira, a gabanka ake goga shi a kan fatar kifin shak kuma cikin kamar minti 15 ƙamshin ya gudu, yana da ɗan zaƙi zaƙi da ƙamshin ɗanyen ganye, ba ya duka irin na kwaɓin. Ɗan shago mai kujera goma da wuya ya iya kuɗinsa kuma wannan ba ha'inci bane, kowa haka yake.

Toh ya zaka gane shagon naka wane iri ne? Agogunan bango babu abin da zasu gaya maka, na ga shago mai kama da ɗakin gwangwan wanda kicin ɗinsa yafi asibiti tsafta, na ga mai fitilu da marmara wanda bazan bari ɗana yasha ruwa a ciki ba. Idan ka koma kada ka fara da yaji. Zauna a kanta inda kake ganin hannunsa, kayi odar nigirin tuna guda biyu ba komai a kai, ka shinshina, kifi mai kyau kusan baya ƙarni, ɗan ƙamshin iskar teku kawai. Ka kula da shinkafar don ita ce sushin, kalmar ma ga shinkafa mai tsami take nufi ba ga kifi ba. Ya kamata kaji ta da ɗumi kamar na tafin hannu, ta riƙe jikinta a yatsa amma ta warware a baki, kana jin ƙwaya ƙwaya. Idan sanyi ƙalau take ko ta cuɗe kamar tuwo toh mutumin baya kula, kuma wanda bai kula da shinkafar da kowa ke gani ba bana tsammanin yana kula da kwanon da ke ƙarƙashin kanta. Tsohon da ya koya min aiki wata shida bai bari na taɓa kifi ba, wanki da fifita shinkafa kawai, yana zuba ruwan khal da sukari da gishiri yana yanka ta da ludayin katako ni ina fifita kamar mai hura gawayi, idan na gaji ya kalle ni ta saman tabarau ba magana. Sai ka leƙa gilashin, yankan suna sheƙi a jere ko sun kwanta cikin ruwan jikinsu gefe ya bushe. Ka ga ko yana goge wuƙa da katako tsakanin kifi da kifi. A taga kuma akwai katin hukumar lafiya da ake maƙalawa tun 2010, A shuɗi, B kore, C ruwan lemo, ba shine komai ba amma ka kalla. Daga nan sai ka tambaye shi kai tsaye, spicy tunar nan anan kake kankarewa ko ta leda ce? Tunda kace baya magana sai gyaɗa kai, idan mai kankarewa ne zaka ga ya ɗago maka ƙashin ko ya nuna maka cokalin, masu yin abin da hannunsu suna son a tambaye su. Mafi kyau ma wanda zai daddatsa tunar a gabanka ya haɗa a ɗan kofi lokacin da kayi oda, zaka gane a baki, gutsi gutsi zaka ji ba laushi kamar man shafawa ba. Kuma idan ka ga farar tuna a menu ka tambayi sunan kifin, sau da yawa escolar ne, yana da wani maiƙo da ciki baya narkarwa, Japan ta hana sayar dashi tun 1977, wanda yaci da yawa wandonsa ne zai bashi labari.

Af, wannan citta mai tsami da ke gefen faranti sunanta gari, eh gari kamar namu, ranar farko da oga yace miƙo gari na tsaya ina neman buhu. Ba a ɗora ta kan sushi, tsakanin kifi da kifi ake ci a wanke baki. Kuma ci da hannu ba ƙauyanci bane, a Japan ma ana yi, ka juya nigiri gefen kifin ya taɓa soya sos kaɗan ba shinkafar ba, loma ɗaya. Shi spicy tuna ma baya buƙatar sos ɗin sam, gishirinsa ya isa.

Halal kuma, ni ba malami bane, abin da ke cikin kwano zan faɗa maka ka kai wa malaminku. Kifin da jatan lande da ƙaguwa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai abin teku duk halal ne, ba anan matsalar take ba. Matsalar mirin ce, wata giyar shinkafa ce mai zaƙi ta girki, ta asali tana da kusan kashi 14 cikin ɗari na barasa, da kuma giyar shinkafa ta sha da suke kira sake. Baƙin sos mai zaƙi da ake zizara wa a kan unagi, wato dogon kifin nan mai kama da maciji, da kan naɗi masu ado da mirin ake dafa shi, wainar ƙwan nan mai zaƙi ma sau da yawa akwai, ƙaguwar ƙarya ta cikin California roll wadda niƙaƙƙen farin kifi ce wasu kamfanoni suna sa mata, kuma wasu masu dafa shinkafa suna ɗiga sake ko mirin a tukunya. Soya sos da aka tsima shima yana da ɗan kaso kaɗan daga tsimuwar. Haɗin mayonis da sriracha shi kam galibi babu komai. Don haka tambayar da zaka yi ba wai halal ne ba, zai gyaɗa maka kai kawai don yaga babu alade, ce masa akwai mirin ko sake a shinkafar, wannan zai fahimta nan take.

Madam kuwa ka haƙura da ɗanye har Allah ya sauke ta lafiya, ko da shagon yafi kowanne tsafta, saboda ƙwayar cutar listeriya ko a firij tana hayayyafa kuma abin da zai baka ɗan zazzaɓi ita zai iya taɓa cikin, ga manyan tuna irin bigeye suna tara makuri, wani sinadari mai guba. Ka kaita dai, agogunan ma abin kallo ne. Ace a naɗa mata na soyayyen jatan lande da fiya da kokwamba, ko na dafaffen salmon, ku roƙe shi ya goge katako ya canza wuƙa kafin ya yanka nata, a zuba mata spicy mayo ɗin a gefe, kuma idan irin matanmu ce da sriracha bata ko motsa su, ta saka ɗan ƙullin yajinta na gida a jaka, ni a aljihun rigar aikina nake ajiye nawa kuma har tsohon nan sai da ya fara miƙo hannu.